Me Ya Sa Shabakar Waya Ke Zuwa Tana Ɗaukewa?

Laccar da aka gabatar a Wad Haddad, jihar Jazira

 

Abin da aka nemi in yi magana a kai kowa ya san shi. Mutum yana tsakar gida yana waya da ɗan'uwansa na Jidda ko na Kano, murya tana fita tangaram, ya ɗan gusa don ya ba yaro hanya, sai magana ta tsinke. Ya koma inda yake, ta dawo. Hasumiyar tana nan inda take, batir bai mutu ba, kuɗin kira bai ƙare ba. Taku ɗaya kawai ya yi. Masana suna kiran wannan dusashewar sigina, kuma tana da lissafi, lissafin da aka yi shekara fiye da ɗari ana tacewa.

Dattawanmu sun riga mu saninta. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, wanda duk ya taɓa kasa kunne ga akwatin rediyo a kan gajeren zango, nan ko Mai Wurno ko Damazin, ya san yadda muryar mai karanta labarai ke tasowa kamar yana cikin ɗakin, sannan ta yi ƙasa ta nutse cikin shuu, a daidai wurin da ake son jin sunan wanda ya rasu. Tsoho ya juya akwatin, ya ja eriya, ya matsa bakin ƙofa. Abin da yake yi da hannunsa shi ne injiniyoyi suka mayar ilimi.

Ku tuna abin da mai gabatarwa yake cewa: a kan mita 19, ko mita 25. Wannan mitar ita ce tsawon igiyar rediyo guda ɗaya, daga tudunta zuwa tudu na gaba, domin igiyar tana tafiya ne tudu da kwari, tudu da kwari. Wayar hannu da ke aiki a kan megahaz 900 tsawon igiyarta santimita 33 ne kacal, ta megahaz 1800 kuma rabin haka. To, sigina ba ta taɓa zuwa ta hanya ɗaya. Wata ta taho kai tsaye daga hasumiya, wata ta bugi rufin kwanon maƙwabci ta karkato, wata ta bugi tankin ruwa, wata ta bugi gefen lorin da ke wucewa kan titin Madani zuwa Sinnar. Duk saƙo ɗaya suke ɗauke da shi, amma nisan da kowace ta ci daban ne. In suka iso tudu a kan tudu, ƙarfinsu ya haɗu. In hanyar ɗaya ta fi ta ɗaya da rabin igiya, wato santimita 16 ko 17, ƙasa da tsawon taƙi guda, tudun wannan ya faɗa cikin kwarin waccan, su kashe juna. Shi ya sa tsakar gidanka take cike da ramukan sigina da ido ba ya gani, tsakanin rami da rami bai kai kamu ɗaya ba. A gajeren zango kuwa igiyar tana hawa sama ne ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, kilomita ɗaruruwa a bisa kanmu, ta sauko ta hanyoyi biyu ko uku. Rufin ne ke motsi, don haka ko kana zaune wuri ɗaya ramin zai zo ya same ka.

Ba wanda zai iya bin kowane kwano da kowace mota ya faɗa maka inda ramin yake. Nan ne ƙididdiga ta shigo. Ba ta ce maka ga ramin, amma tana faɗa maka yawan ramukan da zurfinsu, kuma ba ta cika kuskure ba. Wani Baturen Ingila, Lord Rayleigh, shi ya warware lissafin a 1880, tun kafin a san rediyo, yana nazarin abin da ke faruwa in sautuka da yawa masu amo ɗaya suka haɗu ba tare da tsari ba. Da rediyo ta zo sai aka ga lissafinsa ya zauna mata daram. Ga abin da ya fito, kuma ina roƙon ɗalibai su rubuta shi. A wurin da ba ka hango hasumiya, sigina sai ta kewaye take iso ka, in ka auna wuri ɗari, kusan goma daga ciki ƙarfin siginarsu zai gaza kashi ɗaya cikin goma na matsakaici. Wuri ɗaya cikin ɗari zai gaza kashi ɗaya cikin ɗari. Wuri ɗaya cikin dubu zai gaza kashi ɗaya cikin dubu. Injiniyoyi suna auna wannan da desibel: faɗuwa ninki goma desibel 10 ce, ninki ɗari desibel 20, ninki dubu desibel 30.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Ana iya cewa garin nan matsakaicin siginarsa mai kyau ne, kuma a yi gaskiya, amma matar da ke jiran kuɗin magani ta manhajar Bankak ba a matsakaici take zaune ba, a kan angarib ɗinta, wato gadonta, take zaune, kuma mai yiwuwa angarib ɗin a cikin rami yake. Ni a ganina duk rahoton shabaka da ya tsaya a matsakaici bai faɗi komai ba tukuna. Tambayar da ta dace ita ce: sau nawa cikin ɗari take gazawa, kuma in ta gaza tsawon wane lokaci take ɗauka?

Mai ƙarfin hali zai ce a ƙara wa hasumiya wuta mana. Mu lissafa. In kana son magana ta tafi sau 99 cikin 100, dole matsakaicin ƙarfinka ya ninka abin da waya ke buƙata sau ɗari. In kana son 999 cikin 1000, sau dubu. Kowane tara da ka ƙara, ka ninka wuta sau goma. Wa zai sayi wannan gas ɗin janareta, a ƙasar da muka san yadda ake samunsa? Ko an saya ma, magana ai kai da komowa ce. Wayar da ke hannunka ba ta wuce wat 2 a tsohon tsarin GSM, a 4G kuwa kashi ɗaya cikin biyar na wat take fitarwa. Hasumiya ta yi ta ihu, in ba ta jin amsarka aikin banza ne.

Mafita ta fito ne daga wasu injiniyoyi biyu na kamfanin RCA a Amurka, Harold Beverage da H. O. Peterson, a shekarun 1920, a tashar karɓar saƙo ta Riverhead a jihar New York. Sun saurari tasha ɗaya da akwatuna biyu da ke wurare daban, a lokaci guda, sai suka lura in ta dusashe a nan galibi tana nan da ƙarfinta a can. Daga nan suka kafa eriyoyi uku da tazarar mita ɗaruruwa a tsakaninsu, suka haɗa abin da suke kamawa. Wannan ita ce karɓa ta rassa da yawa, kowace eriya reshe guda.

Lissafinta ɗan firamare zai iya. Reshe ɗaya yana faɗawa rami sau ɗaya cikin goma. Na biyu ma haka. Su faɗa tare kuwa, ɗaya cikin goma ne na ɗaya cikin goma, wato ɗaya cikin ɗari. Ashe amincin da ɗazu muka ce sai an ninka wuta sau ɗari, da eriya biyu ninki goma ya isa. Eriya ɗaya da aka ƙara ta yi aikin da sai an ninka janareta sau goma. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji mutanenmu. Amma yawan ma yana da iyaka: reshe na biyu ya ba ka ribar desibel 10, na uku ya kai ta wajen 14, na huɗu 16. Babbar ganima tana wurin na biyu.

Yadda ake haɗa rassan kuma, D. G. Brennan ya tsara shi a wata maƙala ta 1959 da har yau ake karantar da ita. Ko ka zaɓi reshen da ya fi ƙarfi ka watsar da sauran, ko ka daidaita tudunsu ka tara su kai ɗaya, ko ka tara su kana ba kowane reshe nauyi gwargwadon ƙarfinsa. Ta ukun ita ce gwana, kuma ɗaliban Jami'ar Jazira da ke cikinmu za su sha ta a jarrabawa. Sai dai a rassa biyu abin da ta fi zaɓi da shi bai wuce desibel ɗaya da rabi ba. Ana ɓata tawada da yawa kan wannan ɗaya da rabin, alhali goman farko ta dogara ne kan wani sharaɗi da ake wucewa a layi ɗaya. Zan zo kansa.

Kafin nan, kada a ɗauka lissafin Rayleigh ya shafi ko'ina. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Manomin da ke tsakiyar hawasharsa, wato gonarsa, yana hango jan fitilar hasumiya daga nesa yana da hanya guda mai ƙarfi da ta rinjayi 'yan ƙananan da ke karkatowa, don haka ramukansa ba su da zurfi. Wannan yanayin Stephen Rice na ɗakunan binciken Bell ya yi lissafinsa a 1944 da 1945. Shi ya sa sau da yawa waya ta fi kamawa a gona fiye da cikin kasuwa, duk da kasuwar ta fi kusa da hasumiya. Wani Bajapane kuma, Minoru Nakagami, bayan dogon awo a kan gajeren zango, ya fitar a 1960 da tsari mai lamba guda da ake kira m: in ta zama 1 ka koma Rayleigh, tana hawa dusashewa tana sauƙi. Abin sha'awa ga masu son lissafi, in ka tara rassan Rayleigh biyu masu ƙarfi ɗaya ta hanya ta ukun nan, abin da zai fito Nakagami ne mai m 2.

Sai batun gudu, wanda yake zuwa wa mutane a bai-bai. Wanda ke cikin bas mai gudun kilomita 60 a awa, wayarsa a kan megahaz 900, yana faɗawa ramin desibel 10 kusan sau 35 a daƙiƙa ɗaya, amma kowane faɗawa bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba. Waya tana iya cike irin wannan giɓin, domin ana warwatsa saƙo a kan lokaci tare da ƙarin lambobin gyara. Mai keken jaki yana faɗawa sau uku kawai a daƙiƙa, amma kowane ya fi na mai bas daɗewa sau goma da wani abu. Wanda ya zauna bai motsa ba, in a rami ya zauna, yana nan ciki har sai wani abu ya gusa. Saboda irinsa aka sa GSM tana tsalle daga mita zuwa mita sau 217 a daƙiƙa, domin ramin wannan mitar ba lallai ya zama ramin waccan ba. Wayar 4G kuma eriya biyu ne a cikinta ko ba ka gani, na'urar Wi-Fi mai ƙahoni biyu ma dalilinta ke nan. A 1998 Siavash Alamouti ya nuna yadda za a mayar da eriya biyun wajen mai aikawa a sami riba irin wannan, wanda ya sauƙaƙa wa ƙananan na'urori.

Akwai wata dusashewar da ta fi shafar Jazira musamman. Ku ɗaga kai ku dubi hasumiya, ban da dogayen allunan da ke magana da wayoyinmu za ku ga wasu farare masu kama da ganga. Su ne ke miƙa maganar gari gaba ɗaya zuwa hasumiya ta gaba, kilomita goma ko ashirin ko fiye. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 wannan fili ya zama ruwa kwance cikin tur'a, wato magudanan ban-ruwa, da gonaki. Da dare, iska ta kwanta, ƙasa ta huce, sai iska mai sanyi da laima ta shimfiɗu a ƙasa, mai ɗumi da bushewa ta hau kanta. Wannan shimfiɗar tana lanƙwasa igiya, ruwan da ke kwance kuma yana mayar da ita, sai ta isa gangar can ta hanya biyu ta kashe kanta. Shimfiɗaɗɗen fili, zafi da laima, su ne mafi munin haɗi ga irin wannan layin a duk duniya, kuma tsakanin tsakar dare da hantsi abin ya fi tsanani. Awon da Barnett da Vigants suka yi a Amurka ya nuna in ka ninka nisan layi sau biyu, lokacin yankewa yana ninkuwa kusan sau takwas. Maganinsa ganga biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa da tazarar wasu mitoci. In kun ga haka a hasumiya, ba ado ba ne. Injiniyan kirki kuma da wata mafi muni a shekara yake tsara layinsa.

Habub, guguwar ƙura, fa? Ana yawan ɗora masa laifi, kuma an yi nazarinsa a ƙasar nan, S. I. Ghobrial na Jami'ar Khartum yana cikin waɗanda duniya ke ambata kan wannan tun shekarun 1980. Ƙura ba ta cin siginar wayar hannu wani abin kirki. Sai megahaz ya yi yawa sosai, ƙurar kuma ta yi kaurin da ba ka ganin gabanka, sannan take tasiri. Abin da habub ya fi yi shi ne ya girgiza ganga ta kauce daga saiti, ya turbuɗe allon sola, ya yar da turakun wuta.

Yanzu ga sharaɗin. Da na ce ɗaya cikin goma na ɗaya cikin goma, na ɗauka cewa faɗuwar wannan reshe ba ruwanta da faɗuwar wancan. In abin da ke kayar da ɗaya shi ke kayar da ɗayan, ninkawar ta rushe, kana da eriya biyu amma reshe ɗaya gare ka. Manomi ya fi kowa gane wannan: mai hawasha biyu da ke sha daga magudanar Abu Ishirin ɗaya, ranar da ruwa bai zo ba duka biyun ne za su bushe, gara wanda ke da ɗaya a nan, ɗaya ta damina can wajen Dali da Mazmum. Saboda haka ake auna yadda rassa ke tafiya tare da lamba daga 0 zuwa 1. Ƙasa da 0.7 mafi yawan ribar tana nan, ta kai 1 babu komai. A hannu, inda kwanoni da bangaye suka kewaye ka, tazarar rabin igiya ta isa ta raba rassa. A ƙolin hasumiya, inda ba abin da ke kusa, sai an ba da ninkin igiya goma zuwa ashirin, mita uku zuwa shida, ko kuma a gicciya eriyoyin cikin allo ɗaya, wannan ta karkata dama wannan hagu.

Ko cikin gida haka ne. Eriya biyun da ke wayarka suna maganin ƙananan ramuka, amma in kana bayan katangar jalus, wato ta ƙasa, mai kauri, ko cikin lambun mangwaro na bakin kogi, inuwa ɗaya ce ta rufe su duka. Wannan sai ka fita daga inuwar: na'ura ta koma bakin taga ta ɓangaren hasumiya, ko a ɗaga eriya a kan gora ta wuce rufi.

Mu kuma mun ga lambar tafiya tare ta kai 1 da idonmu. Kusan kowa a nan yana da shariha, wato katin layin waya, biyu, wani uku: Zain, Sudani, MTN. Wannan ma karɓa ce ta rassa da yawa, irin ta zaɓi, da babban yatsa ake yin ta. A kwanakin lafiya tana aiki. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Madani ta faɗi a Disamba, sannan a farkon Fabrairu 2024 kamfanonin uku suka ɗauke cikin 'yan kwanaki, domin manyan cibiyoyinsu duk a Khartum suke. Wasu jihohin sun samu ta dawo bayan makonni, yankunan Jazira da yawa sun yi watanni. Shariha uku a aljihu, ba wadda ke cewa uffan. Abin da ya yi magana a lokacin shi ne wanda bai bi ta Khartum ba: farantin Starlink da ake biya da awa, mutane na layi a rana don su karɓi kuɗin da aka turo, da kuma tsohon akwatin gajeren zango, wanda BBC ta buɗe wa Sudan shirin gaggawa na Larabci a kansa a Mayun 2023, watanni kaɗan bayan ta rufe rediyonta na Larabci. Akwatin da jikoki ke yi wa dariya, shi ne reshen da bai haɗa komai da sauran ba. Kada kuma a mayar da Starlink shi kaɗai madogara. Ruwan sama mai ƙarfi yana dusasar da shi, yana buƙatar wuta, kuma makullinsa yana hannun kamfani ɗaya a wata ƙasa.

Don haka yanzu da ake sake gini, in kwamitin gari ya zauna da masu kamfani ko da hukuma, kada tambaya ta tsaya a hasumiya nawa za a kafa. A tambaya: wutarsu daga wuri ɗaya take? In kamfani biyu suna kan ƙarfe ɗaya, janaretansu ma ɗaya ne? Layin da ke fitar da maganar garin nan, ta arewa kawai yake bi zuwa Madani, ko akwai na biyu ta Sinnar? Cibiyar lafiya tana da wata hanyar kira da ba ta jingina da waɗannan ba?

Ku kuma ɗalibai, ga aikin da ba ya buƙatar kuɗi. A wayar Android, cikin saiti, wajen bayanin shariha, akwai lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. Ita ce ƙarfin sigina na gaskiya, sandunan da ke saman allo kwalliya ce kawai. Ragi 80 ya fi ragi 100 ƙarfi sau ɗari. Ku sami littafi, ku zaɓi wuri ɗaya, misali ƙofar cibiyar lafiya, ku riƙa rubuta lambar shariha biyu a lokaci guda, asuba da azahar da bayan isha, da rani da kuma damina, har ku tara awo ɗari ko fiye. Kowane awo ku gwada kira, ku rubuta ya shiga ko bai shiga ba. Sannan ku ƙirga. A ce ta farko ta gaza sau 20 cikin ɗari, ta biyu sau 10. In ba ruwan juna da juna, gazawarsu tare bai kamata ta wuce wajen sau 2 ba. In kuka tarar sau 8 ko 9 ne, akwai abin da ya ɗaure su wuri ɗaya, sai ku duba shafin lokaci: in da asuba ne ku zargi layin ganga, in lokacin ɗauke wuta ne ku zargi batir da janareta. Ku rubuta har da ranar da aka yi ruwa ko habub, da ranar da aka sako ruwa a tur'a. Unguwa biyar su yi haka, a haɗa littattafan a kai wa kwamiti kafin zamansa da kamfani.

Na ga malam yana duba agogo, la'asar ta gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu ɗauki uku kafin a kira salla.